Dawa Ashirin da Uku, Akuya Bakwai

Kwana uku kacal Mamuda ya yi a Wad Madani, amma da ya sauko daga mota a Hillar Bilyamin sai ka rantse shekara bakwai ya yi a jami'a. Ya tafi da jallabiya da silifa, ya dawo da kwat a cikin zafin nan na ƙarshen bazara, katin suna na reto a wuyansa, ga wata shimfiɗaɗɗiyar kwamfuta kamar faranti ya danne a hammata. Ba ya kiranta komai sai "jihaz", kuma ko matarsa Hasina ba ta isa ta taɓa ba sai ta wanke hannu.

Asalin maganar ba wata babba ba ce. Wasu masu binciken noma ne suka ƙudurta tattara bayanin duk irin shuka da irin dabba da ke ƙauyukan bakin kogi, daga Makwar har Suki, su zuba a kundi ɗaya wanda za a iya dogara da shi. Suka ce kowane ƙauye ya turo mutum ɗaya a koya masa aikin. Ranar da takardar ta iso, duk mai abin yi yana gona yana sharar hawasharsa, wato filin nomansa, kafin ruwa ya sauka. Mamuda kaɗai aka tarar a bencin mai shayi. Shi ke nan, ya zama wakili.

A wajen horon kuwa, ranar farko ɗaukar hoto ya yi, rana ta biyu sanyin ɗakin ya kwashe shi da barci, rana ta uku ya karɓi shahada, wato takardar shaidar kammalawa. Abu biyu ne kawai suka maƙale masa a ka: iri ya zama mai tsabta, iri ya zama busasshe. Ku riƙe min waɗannan biyun, za su yi mana rana.

Washegari ya sa aka tara jama'a a rumfar mai gari, Shehu Abdussalami. Ya gyara kwat, ya ɗaga jihaz sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, daga yau garin nan ya shiga duniya. Duk mai irin dawa na gidansu, duk mai irin dabba na daban, sunansa zai shiga nan ciki. Wanda ke Khartoum zai gani, wanda ke bayan teku zai gani. Nan da kwana biyar Daktora Sawsan, shugabar aikin, za ta zo da ƙafarta ta duba abin da na yi. Ƙauye arba'in aka kira, namu kaɗai za ta taka. Saboda wa? Ba sai na faɗa ba."

Baba Sodangi, wani tsoho mai akuya ɗaya da harshe kamar aska, ya tofar da asuwakinsa.

"Kai Mamuda, kai da ba ka rarrabe dawa da gero sai an tuƙa an aje maka?"

"Baba, wannan zamanin ba da ido ake ganewa ba. Da jihaz ake ganewa."

"To shi jihazin, wa ya gwada mishi?"

Aka kwashe da dariya. Sai Sabi'u, mai babbar hawasha a bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma, ya matso ya yi tambayar da ke cin kowa: wanda sunansa ya shiga, me za a ba shi? Mamuda bai sani ba. Amma tun da uwarsa ta haife shi kalmar "ban sani ba" ba ta taɓa ratsa haƙoransa ba. Ya lumshe ido, ya ce, "Wannan sirrin ofis ne."

Kafin la'asar sirrin ofis ya zama buhun taki. Kafin magariba ya zama injin ban ruwa. Da gari ya waye, wata mata ta rantse da idonta ta ga tarakta a hanyar Sinnar an rubuta sunan garin a jiki.

Gaskiyar dalilin zuwan Daktora kuwa, ba kyan Mamuda ba ne. Cika baki ya yi a Madani cewa kakarsa na da irin dawar da aka zo da shi tun daga ƙasar Sakkwato. Kuma abin mamaki, wannan karon bakinsa ya yi tuntuɓe da gaskiya.

Kaka Sabuwa ta haura tamanin, idonta ya dushe, sai dai hannu da harshe suna nan garau. Dawar tata ana kiranta Guzuri. Kakarta ce ta ɗauro ta a ƙugu lokacin da jama'a suka taso gabas gudun Nasara, kuma tun daga ranar ba a taɓa tsallake damina ba a shuka ta ba. Ƙwaya ce ƙarama, ja-ja, da ɗigon baƙi kamar an sa mata kwalli. Tana jure fari, tuwonta na kwana bai saki ba. Bara sai tsuntsaye suka sauka wa 'yar gonar Kaka suka yi mata ƙarƙaf. Ta aika gida-gida ko akwai mai ragowar Guzuri, kowa ya ce wallahi babu, tun tuni sun koma irin gwamnati. Abin da ya rage mata a duniya bai fi tafi uku ba, a cikin wata tsohuwar gora da ta liƙe bakinta da yumɓu, tana jiran ruwan farko. In wannan ya salwanta, Guzuri ta ƙare.

Mamuda ya same ta zaune a angarib ɗinta, gadon nan na igiya, tana jan carbi.

"Amaryata, na zo in shigar da ke duniya."

"Angon banza. Duniyar da ni ka shirin fita ita za ka shigar da ni?"

"Gorar kawai za ki ba ni, in ɗauki hotonta."

"Ɗauki hoton ƙofar ɗakin. Tana ciki."

Ya yi lallami, ya yi Larabci, ya kawo sunan Daktora sau huɗu. Tsohuwa ta juya masa ƙeya. Ya fita yana cewa ai dama ilimi bai taɓa shiga gari ba tare da an yi masa gardama ba.

A sauran gidaje kuwa, ba a yi masa gardama ba ko kaɗan. Mutanen da bara suka rantse ba su da komai sai irin gwamnati, yau kowa ya shiga ƙuryar ɗaki ya fito da ƙullin tsumma. Sabi'u ya kawo tasa a kan faranti.

"Rubuta, 'Yar Madina. Kakana ya tsinto ta a bayan masallacin Annabi."

"Ana noman dawa a can?" in ji Hasina, wadda ta biyo mijinta da tiren kofunan shayi, don a cikinsu yake zuba samfur.

"Da can ana yi," Sabi'u ya ce, bai ko kalle ta ba.

Maƙwabcinsa Maliki da ya ji haka, sai ya ga ai ba za a bar shi a baya ba. Tasa ta zama 'Yar Bagadaza. Na gaba ya ce tasa wani waliyyi ne ya ba kakansa a mafarki, ya farka ya gan ta a tafin hannu. Mamuda bai ɗaga kai ya dubi ƙwaya ko ɗaya ba. Danna jihaz kawai yake yi yana cewa "Tamam, tamam," Hasina na zubawa a kofi tana manna takarda. Kafin rana ta faɗi an sami iri ashirin da uku.

"Ashirin da uku!" ya ce da ita a hanya. "Daktora ta ce duk yankin nan ba su zaci samun goma ba. Ke kin san wa kika aura kuwa?"

"Na sani, Baban Tasneem. Shi ya sa gabana ke faɗuwa."

Rana ta biyu ta dabbobi ce, nan kuma aka sami 'yar matsala. Masu shanun gaske, jajayen nan masu dogon ƙaho, da suka ji ana maganar rubuta dabba sai suka ji ƙanshin haraji. Kafin hantsi an kora garke an nausa daji, ko kashinsu mai ɗumi Mamuda bai tarar ba. Masu tumaki suka ce ba a ƙidaya dabba a gaban mai ita, baki na kama ta. Baba Sodangi ma ya tsaya a ƙofar gidansa da sanda.

"Akuyata ba ta shiga kwamfuta. Ba ta yi wa kowa laifi ba."

To amma akuyar Sodangi ba ta nemi shawararsa ba. Wata ja ce mai yagaggen kunnen hagu, wadda duk garin aka sani da ɓarna. Ta shinshino ragowar dawa a aljihun kwat ɗin Mamuda, ta ɗaura aniyar binsa. In ya shiga gida ta ƙofa, ita ta riga shi ta ɓarakar danga. Mai gida kuma, da ba shi da ko kaza amma yana jin labarin tarakta, sai ya dafa bayanta ya ce, "Ga tawa."

A gidan farko ta gaba ya ɗauke ta hoto, ya rubuta Jar Sakkwato. A na biyu tana miƙe tana cin danga, ya rubuta Doguwar Suki. A na uku ta yi birgima a toka, ta zama Farar Makwar. Matar Sabi'u, da ta ga akuyar ta riga ta shiga gida huɗu, sai ta yi maza ta shafa mata lalle a ƙafafu.

"Wannan irin ban taɓa ganinsa ba," Mamuda ya ce yana zagaya ta. "Ƙafa ja, jiki ja, amma jan ba ɗaya ba. Daga ina?"

"Gado ce," in ji matar Sabi'u.

Akuyar ta sa baki ta yage masa rabin aljihu. Ya rubuta a ƙarƙashin halayya: mai son mutane. Ya koma gida da irin awaki bakwai.

Rana ta uku ya koma wa Kaka, kuma wannan karon, ko da gangan ko da katari, ya taɓa inda ke mata ciwo.

"Kaka, mutum ashirin da uku sun shiga. 'Yar Madina ta shiga, 'Yar Bagadaza ta shiga. Guzuri ce kaɗai babu. In Allah ya yi miki rasuwa, wa zai san an taɓa yin ta? Wa zai san sunan wadda ta ɗauro ta?"

Tsohuwa ta miƙe, ta lalubi bango, ta shiga ɗaki. Ta fito rungume da gorar kamar jariri.

"Riƙe da hannu biyu. Ka gwada wa baƙuwar taka, ka maido min. Kada ka buɗe. Ka ji mi na ce?"

"Na ji."

"Mi na ce?"

"Kada in buɗe. Haba Kaka, mutumin da ke da shahada?"

"Hadari ya fara haɗuwa gabas, ina jin shi ga gwiwata. Ruwa na sauka, washegari ni ka shuka."

Ya kai gorar gida ya ajiye a kan tebur. Ya dube ta, ta dube shi. Rana ta huɗu da safe, Hasina na fita kasuwar Suki, ya ce a ransa ai ba a nuna wa Daktora kaya a rufe kamar maganin boka. Ya sa wuƙa ya ɓalle yumɓun, ya zazzage a tire.

"Subhanallahi!"

Toka ce fal, ƙwayar duk ta yi furu-furu a ciki. Duk wanda ya taɓa ajiye iri a garin nan ya san da toka ake cuɗa shi don kada ƙwaro ya ci. Amma wanda ya san haka yana gona ranar da takarda ta zo. Mamuda ya girgiza kai cike da tausayi. Tsufa ke nan, ya ce, ido ya tafi har ba ta san ta kwashe da shara ba. Me aka ce a Madani? Iri ya zama mai tsabta. Ya ɗebo ruwa a randa, ya wanke Guzuri tas, ruwa uku, har da ɗan sabulu a na farko.

Ta fito ja-jawur tana sheƙi. Ya ja da baya yana yaba aikinsa. Sannan ya tuna da na biyun: iri ya zama busasshe.

Ya shanya a tsakar gida. Ko minti goma ba a yi ba hadari ya rufe rana ruf. Kaji suka taso, ya bi su da takalmi. Akuyar Sodangi ta leƙo ta danga, ya jefe ta da murfin tukunya. Ya kwashe ya kai ɗaki, ya kunna fanka, wuta ta ɗauke. Ya yi fifita da shahadarsa har hannunsa ya gaji. Da azahar ya taɓa ƙwayar, sai ya ji ta fara kumbura. Gumi ya keto masa. Yana waige-waige idonsa ya sauka a kan kaskon da Hasina ke soya bunnin jabana, wato ƙwayar gahawa, ga murhu da sauran garwashi.

"Ɗan ɗumi kaɗan," ya ce. "Rana ma ai wuta ce, nisa kawai ta yi."

Ya zuba, ya fara juyawa. Ƙanshi ya tashi, mai daɗi kuwa. Sai ya ji fat! Ƙwaya ɗaya ta yi tsalle ta faɗo fara sol. Fat! Fat-fat! Da wani mutum ne, nan zai sauke kasko ya ɗora hannu a ka. Mamuda jihaz ya jawo, ya buɗe sabon gurbi, ya rubuta: tana da ƙara idan ta bushe.

A haka Hasina ta shigo. Kayan da ke kanta suka zube.

"Inna lillahi! Baban Tasneem, me kake soyawa?"

"Ba suya ba ce. Busarwa ce ta zamani."

"Gugguru ne wannan! Ka yi gugguru da Guzuri!"

"Kaɗan ne suka fashe, raunanan ciki. Masu ƙarfin ga su nan."

Ta tsuguna ta tsinci wata ɗanyar ƙwaya da ta faɗi gefen randa, ta juya ta a tafin hannu. "Wai ni, wannan ba ita ce irin ta kofin Sabi'u ba? Har ɗigon."

"Ke da ba ki je horo ba? Waccan daga Madina take."

"To tashi ka je ka faɗa wa Kaka."

"Gobe Daktora za ta yaba a gaban jama'a, sannan in faɗa mata. Labari mai daɗi ba a kai shi rabi-rabi."

Ya tsince fararen, ya mayar da sauran cikin gora, ya toshe bakin da tsumma. Ranar Hasina ba ta ci abinci ba.

Rana ta biyar garin ya cika a rumfar Shehu Abdussalami. An jera kofuna ashirin da uku a kan dogon tebur, gora a tsakiya. Sabi'u ya sa rawani, Maliki ya taho da jarkar man tarakta ko da za a buƙata. Aka kawo Kaka Sabuwa aka zaunar a gefe. Daktora Sawsan ta sauko daga mota, mace mai fara'a, jikar Hausawa ce ita ma, sai dai Hausarta ta Madani ce, rabi Larabci. Mamuda ya yi jawabin maraba na minti arba'in, a ciki ya ambaci kansa sau goma sha tara. Sodangi ne ya ƙirga.

Daktora ta karɓi jihaz ta fara da dabbobi. Ta shafa hoto na farko, na biyu, na uku. Ta koma baya. Ta cire tabarau ta goge.

"Ya ustaz Mamuda, duk awakin garin nan kunnen hagu ne ya yage musu?"

"Alamar yankin ce, Daktora."

Sodangi ya kutso ya leƙa. "Kai! Wagga akuyata ce! Wagga ma ita ce! Wa ya sa mata lalle? Sabi'u, yaushe ka yi akuya?"

"Ta shigo gidana da ƙafarta."

"Ni ma in na shigo gidanka da ƙafata, naka ni ke?"

Mutum bakwai suka miƙe lokaci ɗaya kowa na kare kansa. Ana cikin haka sai ga mai gayya mai aiki ta ratso taron, ƙafafu jajaye, ta nufi aljihun Mamuda kai tsaye. Sai da Shehu ya buga sanda sau uku aka yi shiru. Daktora ta goge layi shida.

"Na bakwan ma goge," in ji Sodangi. "Na ce ba ta shiga."

Ta goge. Mamuda ya share gumi ya ce dabba dama ba fanninsa ba ne, a zo kan dawa a ga aiki.

Daktora ta bi kofunan ɗaya bayan ɗaya, tana zubawa a tafi tana dubawa da madubi. Tun daga na biyar ta daina murmushi. Ta ce a kawo mata wadda ta zo dominta. Mamuda ya ɗauko gora da hannu biyu, ya zare tsumma, ya zazzaga mata. Ta kai hanci. Ta sake kaiwa.

"Wannan ƙanshin jabana ne. Wa ya ɗora ta a wuta?"

"Busarwa ce, Daktora, yadda kuka koyar. Mai tsabta, busasshe."

Ta murza ƙwaya ɗaya, ta ruguje ta zama gari. Ta dube shi, sannan ta dubi tsohuwar da ke gefe, muryarta ta yi ƙasa.

"Hajja, ki yi haƙuri. Wannan ta mutu. Ko a cikin kogi aka shuka ta ba za ta tsiro ba."

Kaka Sabuwa ta miƙa hannu aka zuba mata kaɗan. Ta shinshina. Hawaye ya biyo kuncinta, ba ta share ba.

"A hanya sun ci ganye," ta ce. "Sun ci fara. Kakata ta binne ɗiya biyu tsakanin Barno da nan, dawar tana ɗaure ga ƙugunta, ba ta kwance ba. Yunwa ba ta sa an ɗora ta wuta ba. Sai kai, Mamuda, da cikinka a ƙoshe."

Karon farko a rayuwarsa Mamuda ya buɗe baki bai sami abin da zai sa a ciki ba. Kunya ta kama shi har yana jin kwat ɗin na yi masa nauyi. Hasina ce ta taso daga cikin mata, ta kama hannun tsohuwar.

"Kaka, zo ki taɓa wani abu."

Ta ja ta zuwa tebur, ta sa yatsunta a kofi na farko. Kaka ta murza. Ta tsaya cak. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kai bakinta, ta ciza da haƙoran da suka rage.

"Wagga ta wa ce?"

"Ta Sabi'u. 'Yar Madina."

"Madina?" Ta juya inda take jin numfashinsa. "Sabi'u, shekarar ambaliya, da ruwa ya tafi da rumbunku, wa ya ƙulla wa uwarka iri ga bakin mayafi? Madina ta zo, ko ni?"

Sabi'u ya shiga gyaran rawanin da bai kwance ba.

Ta matsa kofi na biyu. Ta ciza. "Wagga fa?"

"Ta Maliki. 'Yar Bagadaza."

"Ranar sunanka na ba ubanka ita, Maliki, a ƙoƙon da ya kawo min goro. Ko ƙoƙon bai maido ba."

Na uku, mai waliyyi a mafarki, bai jira an zo kansa ba, ya sulale ta bayan rumfa. Haka ta bi su ɗaya-ɗaya, tana cizawa tana faɗin shekara da dalili: wannan da aka kai ta ɗaki, wancan da fari ya kashe masa shuka, waccan da mijinta ya rasu. Kowa ya karɓa, ya shuka layi biyu a gefen hawasha inda malamin gona ba ya dubawa, ya raɗa mata sunan da zai ɗaga gidansu. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, ranar kuwa rami ashirin da uku aka ƙure a tebur ɗaya.

"Bara na aika gidajenku," ta ce da ta kai ƙarshe. "Kunka ce babu. Ni kun hana ni tafi guda, tarakta kun fiddo mata a faranti."

Babu wanda ya ɗaga kai. Maliki ya tura jarkarsa ƙarƙashin benci da ƙafa.

Daktora Sawsan ta goge layi ashirin da uku. Ta gyara na ƙarshe, wanda Mamuda ya buɗe wa gorar, da hannunta: Guzuri, mai riƙo Sabuwa, da sunan kakar da ta ɗauro ta. Hasina ta zazzage soyayyar a tsumma, ta juye kofunan nan duka a cikin gora, har ta kusa cika. Shehu ya ce kafin magariba kowane gida cikin ashirin da ukun ya kai wa tsohuwa mudu guda, kuma a kai da ƙafar mai gida, ba aike ba. A daidai nan iska ta kaɗa rufin rumfa, ƙanshin ƙasa ya taso, aka fara yayyafi.

Daktora ta durƙusa ta roƙi kaɗan ta tafi da shi ɗakin bincike. Kaka ta ɗebo ta ƙulla mata a bakin mayafi.

"Ki shuka, ki ba wani. Amma in an tambaye ki, ki faɗi wanda ya ba ki."

Jin ruwa a fuskarsa, sai ran Mamuda ya fara dawowa. Ya gyara katin wuyansa, ya yi gyaran murya.

"To jama'a, kun dai gani. Layi ɗaya tak, amma babu ƙarya a ciki. Wannan shi ake kira ingantaccen bayani. Kuma da ban tattaro kofunan nan ba, wa zai gane? Dama tsarin ke nan tun farko. Ina ganin ya dace a ɗan haɗa sunana a jikin irin."

"Ya dace," in ji Kaka. "Miƙo hannu."

Ya miƙa hannu biyu yana murmushi. Ta ɗora masa ƙullin soyayyar.

"Ga taka. Ita ce 'Yar Mamuda. Kai ka yi ta, babu mai yi maka gardama. Ka shuka, ranar da ta tsiro ka zo in ba ka gora."

Har yau a Hillar Bilyamin in mace ta soya gugguru ta fito da shi bakin tur'a, ba ta cewa a sayi gugguru, sai dai a sayi 'yar Mamuda. Shi kuwa yana nan a bencin mai shayi, kwat ɗin da rabin aljihu. In baƙo ya tambaya, sai ya gyara zama ya ce, "Duk garin nan, kaf, nuna min wanda aka sa wa abinci sunansa in ba ni ba."